Hatsi ya shiga mangaza da ɗanshi: wa ya taɓa busar da shi a ciki?

Mai riƙon makulli, yankin Mirriya:
Assalamu alaikum jama'a. Ni ke riƙe da makullin mangazar ƙungiyarmu ta manoma. Bana mutane sun matsu da kuɗi, suka yi sussuka da wuri, suka kawo tsaba don warantaji, wato ajiye hatsi a matsayin jingina don a karɓi rance. Mun jera buhu 60, gero da dawa. Kwana tara da jerawa na kwance bakin wani buhu na ƙasa, na cusa hannu har gwiwar hannu, sai na ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi, ga wani ɗan tsami yana tashi irin na gasara. Hankalina ya tashi, domin dukiyar mutane ce, har da ta zawarawa. Wani ya ce in kunna gawayi a ciki in rufe ƙofa, wani ya ce in sa fanka. Don Allah wanda abin ya taɓa samunsa ya faɗa mini yadda ya yi.

Dattijo daga Damargu:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba ka ladan riƙon amana. Tun tasowata a ƙasar Tanut ban ga mahaifina ya zuba tsaba a rumbu da kaka ba. Zangarniya ake yankewa, a bar ta a gona ta sha rana, a ɗaure dami, sannan a kai rumbu. Shi kuma rumbun a kan duwatsu yake zaune, iska na bi ta ƙarƙashinsa, tana ratsa tsakanin zangarniya. Ko da sauran lema, hunturu na shigowa zai kwashe ta. Tsaba kuwa manne take da juna, ba ta da hanyar numfashi. Fito da buhunan nan gobe da hantsi, kada ka jira jibi.

Ɗan kasuwa, Kasuwar Dole:
Malam, maganar gawayin nan ka bar ta, ni na yi na gani. Na sayo masara daga kudu ba ta gama bushewa ba, na jera a shago mai rufin kwano, na ajiye murhu biyu na rufe. Da asuba na buɗe sai na tarar kwanon yana ɗiga kamar an yi yayyafi, buhunan sama sun jiƙe sharkaf. Zafi ya fitar da ruwan daga masarar, bai sami ƙofar fita ba, ya haɗu da sanyin kwano ya dawo mata. Buhu 7 na yi asara. Yaron da na tura ciki ya fito yana jiri da ciwon kai, sai daga baya na gane iskar gawayi a rufaffen ɗaki kisa take yi. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Hajiya mai man gyaɗa, Matamaye:
Sannu Malam, Allah ya kiyaye gaba. Ni a gyaɗa ta same ni, damanar 2024, shekarar da ruwa ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram. Rana ta yi wuya, aka kawo mini gyaɗa, na girgiza na ji kamar tana ƙara, na karɓa. Bayan mako biyu ina ɓarewa ina ganin funfuna kore-kore a cikin kwanso, ƙwayar da ɗaci. Wata malamar gona ta ce kada in matsa mai, kada in yi ƙuli-ƙuli, kada ma in ba kaji, domin irin wannan funfuna tana haifar da gubar da ake kira aflatoksin, mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Na zubar ina hawaye.

Ita ce ta koya mini gwajin gishiri. Ka sami kwalba busasshiya, ka shanya gishiri ya bushe ƙayau, ka zuba hatsi kamar kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, ka ƙara gishiri cokali biyu, ka rufe ka girgiza, ka ajiye ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai isa ajiya ba. Ka ɗebo na gwajin daga tsakiyar buhu, ba daga baki ba.

Malamin gona, Damagaram:
Gaisuwa ga Baba na Damargu da Hajiya. Abin da Baba ya faɗa a kan rumbu shi ne dai abin da manyan manoman Amurka ke yi da injin. Rumbunansu na ƙarfe suna da daɓe mai huji-huji, fanka na tura iska ta ƙasa, ta ratsa hatsi, ta fita ta sama ɗauke da lema. Iskar ce ke busarwa. Zafi taimaka mata kawai yake yi, saboda iska mai ɗumi ta fi ɗaukar ruwa: in ka ƙara mata zafi kamar digiri 11 na ma'aunin Celsius, ɗanshinta yakan ragu da wajen rabi. Shi ya sa ƙarin digiri 5 zuwa 10 ya wadatar, ba a neman gashi.

Na gwada ƙaramin irinsa da wata ƙungiya da ta noma masara a fadama. Mun gina akwatin bulo, muka gitta itatuwa kamu ɗaya daga ƙasa, muka shimfiɗa ragar waya da buhun algarara a kai. Kuskurenmu na farko fankar ɗaki muka sa. Tana kaɗawa, amma ba ta da ƙarfin tura iska ta ratsa tsaba. Sai da muka samo irin mai kamar dodon koɗi da maƙera ke hura wuta da ita, muka haɗa da sola, muka liƙe duk wata kafa da laka. Na ɗora gashin kaza a saman masarar, da na ga yana motsi na san iska ta ratsa. Don ɗumi, mun shafa wa kwano baƙin fenti muka kifa a rana, iskar na bi ta ƙarƙashinsa kafin ta shiga fanka. In wuta za ka yi amfani da ita, iskar ta bi ta cikin bututun ƙarfe, wutar na waje, hayaƙi kada ya taɓa abinci.

Ga inda mutane ke ruɗuwa. Bushewa daga ƙasa take farawa tana hawa sannu a hankali, kuma ruwan na ƙasa ta jikin na sama yake wucewa. A kwana na biyu na saman ya fi jiya ɗanshi, shugaban ƙungiyar ya ce a kashe, abin ba ya aiki. Na roƙe shi ya yi haƙuri. In ka kashe a nan, na sama ne zai ruɓe. Ba a barin aikin gaba ɗaya sai na saman ya bushe. Da ƙaramar fanka kada zurfin ya wuce gwiwa, kuma a sheƙe da kyau, domin ƙaiƙayi da gari su ke toshe hanyar iska.

Abin da ake nema shi ne lemar gero, dawa ko masara ta sauka zuwa kashi 12 ko 13 cikin ɗari, gyaɗa kuwa ƙasa da haka sosai, wajen 8. Wanda za a yi iri da shi kada zafinsa ya haura digiri 40, in ba haka ba ka sami hatsi kyakkyawa a ido wanda ba zai tsira ba. A Satumba da farkon Oktoba iskar dare raɓa ce da ita, a riƙa yin aikin kowace rana daga hantsi zuwa la'asar. Daga Nuwamba kuwa, da hunturu ya kama, iskarmu ta Damagaram ba ta bukatar ƙarin zafi ko kaɗan.

Amma ƙanena, ga buhu 60 da rana a waje, ba ka bukatar duk wannan. Daɓen siminti ko leda mai kauri, shimfiɗar da ba ta wuce faɗin yatsu huɗu ba, a riƙa juyawa. Fanka ta ranar da hadari ya hana shanya ce.

Mai noman wake, Magariya:
Ƙari kaɗan a kan na Malam. Kada wani ya ce zai ɓoye ɗanyen hatsi a buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi. Maganin ƙwaro ne, yana hana su iska su mutu, amma ba ya busarwa, lemar da ka ɗaure da ita tana nan ciki. Na zuba wake da zafin rana a jikinsa na ɗaure, da na buɗe na tarar ledar ta yi gumi, na kusa da baki ya dunƙule. Yanzu in na kwashe shanya sai ya huce a inuwa tukuna.

Mai riƙon makulli, yankin Mirriya:
Allah ya saka muku da alheri, Baba, Hajiya, da ku duka. Mun fito da su, matan ƙungiya suka kawo tabarmi da leda, yara na korar awaki. Kwana uku muna shanya. Buhu 4 na ƙasa, waɗanda ke jingine da bango, sun canza launi suna wari, mun ware su, mun kira masu su sun gani da idonsu. Sauran na gwada da gishiri, kwalba ta fita tas, in ka ciza ƙwayar tana fashewa ƙas. Mun sa katako a ƙasa, mun bar hanyar mutum tsakanin buhu da bango, mun buɗe tagogin sama da aka toshe da tsumma. Na kuma faɗa wa 'yan ƙungiya daga yau ba buhun da zai shiga sai an gwada shi a bakin ƙofa, ko na wane ne.

Malam na Damagaram, dawar masu jigawar kudu ba ta iso ba tukuna, kuma ita ta fi ba ni tsoro. Akwatin nan naku faɗinsa kamu nawa ne, kuma buhu nawa yake ɗauka a zubi ɗaya?