Neman kalma: "all-inclusive holiday village", gobe zan naɗi shiri

'Yar Rediyo: Assalamu alaikum malamai. Gobe da hantsi zan naɗi shiri kan tarihin yawon buɗe ido, na maƙale a kan wannan kalma. Labarin 1950 ne, shekarar da Gérard Blitz, ɗan Beljiyam, ya kafa Club Méditerranée, kamfanin shirya hutu na Faransa, ya kakkafa tantuna a bakin teku a Alcúdia, tsibirin Mayorka na ƙasar Sifaniya. Tantunan ragowar na sojan Amurka ne, daga kamfanin iyalan Trigano ya same su. Mutum zai biya sau ɗaya tun daga gida, kuɗin ya ɗauke tafiya, kwana, abinci da wasanni. Ba na so in faɗi kalmar da Turanci.

Mai Fassara: Wa alaikumus salam. Raba ta biyu. Wurin: ƙauyen hutu. Tsarin biyan: kuɗin goro.

Ɗan Damagaram: Kuɗin goro ya riga ya tafi wani waje, Malam. Yau in aka ce an yi wa mutane kuɗin goro, an haɗa mai laifi da marar laifi ke nan. Mu a nan "tout compris" muke ji, abin da Faransawan suka kira shi tun farko. Ki ce "komai a ciki".

Mai Fassara: Ba komai ne a ciki ba. A wancan lokacin abin sha na mashaya daban ake biya, shi ya sa a 1957 suka fito da sarƙar duwatsu ta wuya, ana cire ƙwaya a biya maimakon kuɗi. In ta ce komai, ta faɗi abin da bai faru ba.

Baba Malami: Ku ji nawa: biya-ka-huta. Ginin Hausa ne tsantsa, ƙirar faɗi-ka-mutu. Gajere, ga daɗin faɗa. Kuma ku bar "ƙauye". Bahaushe in ya ji ƙauye, ƙauyanci yake ji, ba wurin da Bature ke kashe kuɗinsa ba. A ce zango: zangon biya-ka-huta.

'Yar Rediyo: Allah ya gafarta Malam, ai farkon abin ƙauyen ne sosai. A 1952 a Korfu ta ƙasar Girka bukkokin ciyawa suka gina, wurin wanka na taro, abinci a dogon tebur da wanda ba ka sani ba. Ginin siminti sai 1965 a Agadir ta Maroko. Da gangan suka zaɓi "village".

Bazangon Kumasi: Baba, zango a wajenmu unguwa ce da muke haihuwa muke mutuwa a ciki. Masu sauraro a Gana za su ɗauka unguwar Hausawa aka kafa a Mayorka.

Baba Malami: Zango tun zamanin fatake masaukin matafiya ne. Don ma'ana ta sauya a Kumasi ba za mu sallama kalmar kakanninmu ba. Abin da ke damuna ke nan: kowa ya kawo Hausar garinsu, 'yan rediyo su ɗauki mafi sauƙi, bayan shekara biyu ta zama doka. Haka "otal" ya kori "masauki".

Ɗan Damagaram: Hausar wa ce ta kakanni, Baba? Kullum Kano ce ma'auni, mu sai dai a ce mun gauraya da Faransanci. Damagaram ma fatake sun yada zango.

Baba Malami: Ban ambaci Kano ba, ɗana. Biya-ka-huta nake karewa.

Hajiya Malama: Biya-ka-huta ya yi kama da taken talla, Malam, ba na labarin tarihi ba. Ƙanwata, akwai abin da za ki ci karo da shi a rubutunki: Billy Butlin ya riga Blitz, ya buɗe nasa a Skegness ta Ingila a 1936, abinci sau uku da nishaɗi duk cikin kuɗin mako. Shi "camp" ya kira nasa, don haka sansanin hutu ya dace da shi, ƙauyen hutu ya zauna wa na Blitz. Ki kuma faɗi dalilin da abin ya samu kasuwa: a 1936 Faransa ta ba ma'aikata hutun mako biyu da albashi, Birtaniya ta yi tata dokar a 1938. Ma'aikaci ya samu hutu, amma yana tsoron kuɗin da bai lissafa ba. Tsarin biyan kuwa ki ce "biya ɗaya", ki kwatanta da kuɗin kujerar Hajji, kowa zai gane nan take.

Mai Fassara: Ƙauyen hutu na biya ɗaya. Ya ɗan yi tsawo, amma ba ƙarya a ciki.

'Yar Rediyo: Na gode Hajiya, shi zan ɗauka. Zan faɗe shi cikakke a farko, daga baya in riƙa cewa ƙauyen hutu kawai.

Baba Malami: Kalma biyar a madadin uku. Don shirin gobe na yi shiru, amma ban yarda ta shiga ƙamus ba. A ajin ɗalibaina biya-ka-huta zan koyar.

Ɗan Damagaram: Ni ma "komai a ciki" na nan ga wuraren yanzu da suke haɗawa har da abin sha. A buɗe masa zare daban.