Wa ya taɓa bari a binciki gawar mamacinsa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Baffana ya kwanta lafiyarsa ƙalau daren Laraba, da asuba aka yi ta buga ƙofa shiru. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Wani ɗan sanda maƙwabcinmu ya ce mu bari a duba shi a asibiti, manya suka ce kwana ne ya ƙare. Yau wata huɗu ke nan gidan ya rabu biyu, 'ya'yan uwargida sun kafe amarya ce ta sa masa wani abu a fura. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labari.

Maman Biyu: Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. A layinmu miji da mata da ɗansu aka tarar da safe, duk sun cika. Nan take aka damƙe yarinyar da ke musu aiki, wai ita ta dafa tuwon dare. Da likita ya ga fatarsu ta yi wani ja-ja-ja, tambayarsa ɗaya ce: ina janareto ya kwana? Ashe a lungun ƙofar ɗaki suka tayar da shi saboda ɓarayi, taga kuma a rufe. Gwajin jini ya nuna iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari balle launi. Da ba a duba ba, da 'yar mutane tana gidan yari har yau.

Tsohon ma'aikacin mutuware: Ɗan Fagge, sannu da haƙuri. Shekarun da na yi a wurin, abin da ya fi ba ni takaici shi ne 'yan uwa su dawo bayan sati biyu suna neman a tono. Da zafin ƙasarmu, me za a tarar? Ku dubi mawaƙin nan Mohbad: ya rasu 12 ga Satumba 2023 a Legas, aka binne shi washegari, aka tono shi ranar 21, likita ya ce gawar ta riga ta lalace, ba a iya gane sanadi ba. A ranar farko kuwa aikin awoyi ne. 'Yan sanda su cike takardar neman binciken sanadin mutuwa, majistare ya sa hannu, likita ya ɗebi jini da fitsari da ruwan cikin ƙwayar ido da abin da ke cikin tumbi, a ɗinke, a ba ku ku yi masa sutura. Sau da yawa ma zuciya ce, ko jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa saboda hawan jinin da mutum bai san yana da shi ba.

Almajirin Zaure: Mu ma mun hana a taɓa yayarmu, muna kafa hujja da hadisin cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Daga baya malaminmu ya nuna min cewa majalisar manyan malaman Saudiyya ta halatta binciken tun 1976 in ana zargin kisa ko annoba. Na ji kunya, don har yau ba na gaisawa da mijinta, kuma ban da hujjar komai.

Tsohon ma'aikacin mutuware: Ko ba a buɗe gawa ba, ragowar abinci da kwalaben magani suna magana. Furar nan fa, an ajiye?

Ɗan Fagge: Wace fura, Baba? Tun da hantsi aka wanke ƙwaryar, masu zaman makoki suka sha ruwa a ciki.