Amsar “sau” ba jimla ba ce: mu nemo mata suna

Malamai 'yan'uwa, ku zo mu yi shawara. Ina koyar da lissafi a aji huɗu a wata firamare a Tudun Wada, kuma kalmar Turanci “product”, wato amsar da ake samu in an yi “sau”, ta hana ni sakat.

Jiya na rubuta 2 × 3 × 5 a allo, na ce a nemo mini jimla. Wata yarinya ta ɗaga hannu da ƙarfinta ta ce 10. Gaskiyarta ce kuwa! Jimla na ce, jimla ta ba ni. Ni ne bakina ya kai ta daji, domin tun aji ɗaya mun nuna musu cewa jimla ta tarawa ce.

Wani abokin aikina ya ce, “Malam, ka ce sakamako mana.” To ai ɗebewa ma tana da sakamako, rabawa ma haka, har jarrabawa. Kalmar ta yi faɗi da yawa. “Riɓi” kuma yara ba su saba da ita ba.

Ni dai na karkata ga “ninki”, saboda ana iya nuna shi da hannu. Na ari kallabi na ninke shi biyu. Na sake ninke shi uku, muka ƙirga shafi shida. Na ƙara ninkewa biyu, sha biyu. Sai na warware, na fara da ukun, na biyo da biyu da biyu. Sha biyun dai ta sake fitowa, aji ya kaure da “Laa!” A nan suka gane cewa ko da wace lamba ka fara, amsa ba ta canjawa.

Mai ƙwai a kasuwar Sabon Gari ya san wannan tuntuni. Kowane kiret ƙwai 30 ne, kowane ɗauri kiret 5, ga shi da ɗauri 4: ba zai tsaya kan 30 sau 5 ba, zai ce kiret 20 ke nan, ƙwai 600.

Don haka ga abin da na tsayar: aikin shi ne ninkawa, kowace lamba da ke cikinsa maninkiya, jam'i maninka, amsar kuma ninkakkiya. “Nemo ninkakkiyar 2 da 3 da 5.” Talatin.

Inda nake ɗari-ɗari shi ne tsawon kalmar a bakin ɗan shekara tara. Malaman Hausa na Samaru, in akwai wadda ta fi ta sauƙi, ku taimaka mini kafin Litinin.