Zan cire rediyon Vitz in sa mai allo da wufa, me ya kamata in sani?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Motata Toyota Vitz ce ƙirar 2009, cikin waɗanda ake kawowa daga Japan a juya musu sitiyari. Lambar rediyonta ba ta wuce 90. Zuria a 88.7 nake kamawa, amma Luv a 99.5 da Nhyira a 104.5 sai dai in ji su a motar wani. Ga rubutun jikinsa duk Japananci. Ina so in sa mai allo da Bluetooth da kyamarar baya, daga baya in ƙara 'yar wufa, sifikar nan mai fitar da bugun ganga, a but. Wani ya ce mini a yanke tsofaffin wayoyin a haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, aiki ya ƙare. Wani ya ce kada in yarda a taɓa wayar mota sai na sayi soket. Wanne zan bi? Kuma me zan nema a Magazin, unguwar makanikai da kayan mota ta nan Kumasi, kafin in kai wa mai aiki?

Mai Waya na Magazin:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Rediyonka lafiyarsa ƙalau. Lokacin da aka ƙera motarka tashoshin FM na Japan daga 76 zuwa 90 suke, namu daga 87.5 zuwa 108, shi ya sa ɗan abin da kuka yi tarayya a kai kaɗai kake ji. Akwai wani ɗan akwati da ake saƙalawa a wayar eriya yana sauko da lambar tasha ta shigo inda rediyon Japan zai kama. Idan ka buɗe ka tarar an taɓa sa shi, cire shi kafin ka ɗaura sabon rediyo, in ba haka ba tashoshi za su riƙa fitowa a lambar da ba tasu ba.

Wanda ya ce maka ja da ja, ka guje shi. Ga dalili. Sababbin rediyoyi, Pioneer ne ko Sony ko Kenwood, launin wayoyinsu kusan ɗaya ne: rawaya ita ce wutar batir da ba ta ɗaukewa, ja wutar makulli, baƙa wayar ƙasa da ake ɗaurewa a ƙarfen mota. Fara sifikar gaba ta hagu, ruwan toka gaba ta dama, koriya baya ta hagu, shunayya baya ta dama, kowacce da 'yar'uwarta mai baƙin layi wadda ita ce nagatif. Shuɗiya ta eriya ce, shuɗiya mai farin layi ita ke tada amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ruwan lemo kuma ita ke rage hasken allo in ka kunna fitila.

To amma Toyota ba ta bin wannan tsarin. A yawancin Toyota na wancan lokacin, wutar batir shuɗiya ce mai layin rawaya, wutar makulli ruwan toka, wayar ƙasa ruwan ƙasa. Baƙa da rawaya kuwa na sifikar baya ta hagu ne, ja da fara na baya ta dama. Ka ga ke nan launuka ukun da mutumin nan yake tsammanin na wuta ne, a motarka duk na sifika ne. In an yi sa'a rediyon ya ƙi kamawa kawai. In ba a yi ba, a garin lalube a zuba volt 12 a wayar sifika, a ƙone sifikar ko a ƙone cikin rediyon tun bai yi waƙa ɗaya ba.

Abin saye: soket ɗin Toyota, guda biyu ne a haɗe, ɗaya mai baki 10 ɗaya mai baki 6. Ɓangarensa ɗaya yana shiga soket ɗin mota ƙyas, ɗaya ɓangaren wayoyi ne masu launin sabon rediyo. A nan ne ja da ja ya halatta, a kan tebur, ba a cikin dashbod ba. Ranar da za ka sayar da motar ka zare naka ka mayar da nasu.

Sai girma. Rediyo mai hawa biyu, wato babba irin mai allo, faɗinsa milimita 180 ne, tsayi 100, amma ramin Toyota faɗinsa 200. Za a bar maka giɓin yatsa guda a kowane gefe. Akwai 'yan robobi biyu na cikewa, ka saya tare. Kada ka jefar da ƙarafan da ke gefen tsohon rediyon, su za a kwance a ɗaura wa sabon. A yi amfani da gajerun sukurorin da suka zo cikin kwali. Dogon sukuru yana huda cikin rediyo ya taɓa allon lantarkinsa.

Baba Lantirishan:

Masta Mai Waya ya faɗi gaskiya, sai dai ko da soket a hannu ba na yarda a haɗa komai ba tare da mita ba. Motar da aka juya wa sitiyari an riga an taɓa wayoyin bayan dashbod ɗinta, wasu an ƙara musu tsawo da duk wayar da ta zo hannu. Launi a irin wannan mota ba shaida ba ne.

Sa mita a volt 20 na DC, baƙin bakinta a ƙarfen mota. Wayar da ta nuna kusan 12.6 alhali makulli yana aljihunka, ita ce ta batir. Wadda ta nuna sifiri, sai ka murɗa makulli hawa ɗaya ta kawo 12, ita ce ta makulli. Wadda ke kawowa sai an kunna ƙananan fitilu, ta haske ce, kuma ita ce ke yaudarar mutane: fitila na kashe tana kama da wayar ƙasa, a haɗa baƙa a kanta, dare ya yi a kunna fitila fis ya tashi.

Bayan ka gama aunawa, ɗauki sifana mai lamba 10 ka cire kan nagatif na batir, ka jira daƙiƙa 90 kafin ka sa hannu a dashbod. Duk soket ko kunshin waya da ka gani rawaya fes daga sama har ƙasa, na jakar iska ne. Kada mita ta taɓa shi, kada fitilar gwaji ta taɓa shi. In motar tana da rediyon taswira na Japan, ka sani wasu in an cire batir suna kullewa su nemi katin taswirarsu, don haka in kana da niyyar sayar da tsohon, duba katin na ciki tukun.

Robar dashbod maƙalewa take, da abin ɓamɓara na roba ake ɗagata. Sukudireba tana barin tabo, kuma robar da ta sha ranar Kumasi shekara da shekaru ba ta da haƙuri.

Haɗin waya: murɗawa a naɗe da salatef shi ne ciwon da ya fi yawa a aikin nan. Zafin cikin mota yana narkar da gam ɗin, salatef ya zame, hanya mai gargada ta girgiza wayoyin su taɓa juna. A liƙa da dalma a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, ko a matse da maɗaurin ƙarfe da filayarsa. Duk wayar da ba a yi amfani da ita ba a rufe bakinta ita kaɗai.

Abu biyu da ke dawo da mutane washegari. In rediyo yana manta tashoshi da agogo duk lokacin da aka kashe mota, an juya ja da rawaya. In kuma aka haɗe su biyun a wutar batir don a huta, rediyon ba ya barci, kwana biyu a ajiye mota ta ƙi tashi. Gwajin mai sauƙi ne: mita a amfiya 10, tsakanin kan nagatif da wayarsa, ƙofofi a rufe, a jira 'yan mintoci. Ƙasa da miliamfiya 50 babu laifi. Kada dai a tada inji mita tana wurin, fis ɗinta zai tafi.

Ɗan Aboabo:

Allah ya saka da alheri, Baba. Na fahimta. To mai Android zan saya ko Pioneer? A kwalin mai Android ɗin an rubuta wat 50 sau 4, shi ya sa nake tunanin ko zai iya ɗaukar wufar kai tsaye ba sai na sayi amfilifaya ba.

Yayan Asawase:

Ba zai iya ba. Wat 50 ɗin nan lambar talla ce, ƙololuwar abin da yake kaiwa na ƙiftawar ido. Abin da rediyon mota yake bayarwa a tsaye, wanda ake rubuta RMS a gabansa, bai cika wuce wat 15 zuwa 22 a kowace sifika ba, Pioneer ɗin ma haka. Ya isa sifikun ƙofa, bai isa wufa ba. Kuma kada a ɗora sifika biyu masu om 4 a layi ɗaya gefe da gefe. Sun koma om 2 ke nan, rediyon ya yi zafi ya riƙa yankewa. Haka nan kada a haɗa nagatif na sifika da ƙarfen mota ko da na wata sifikar. A rediyon zamani wayoyin sifika biyun duk masu rai ne.

Zaɓi kuwa, in sauti da daɗewa kake so, Pioneer ko Sony na asali. In taswira da manhajoji kake so, Android, amma kada ka ɗauki mai RAM, wato ƙwaƙwalwar aikinsa, gigabait 1 ko 2, zai riƙa tsayawa. Mai 4 ka nema, kuma kada ka yarda da abin da allon saitinsa ya nuna, don akwai waɗanda ake rubuta musu ƙarya a ciki. A sa manhajar duba na'ura a gabanka a gani. Wanda ke da fanka a baya ya fi jure zafinmu.

Wufa a Vitz, ka yi lissafi tukun. Amfilifaya mai wat 500 na gaskiya, irin Class D mai ƙarancin ɓarnar wuta, in ya buɗe wuta yana jan kusan amfiya 45: ka raba 500 da 0.8, don kusan kashi takwas cikin goma na wutar da ya ja ke zama sauti, ka sake raba abin da ya fito da 13.8, volt ɗin mota in inji na aiki. Altaneta, mai cajin batir, ta ƙaramar mota da ke ɗauke da AC da fitilu da fankar lagireto ba ta da wannan rarar. Alamar ita ce fitilu su riƙa lumshewa duk bugun ganga. Wat 250 zuwa 300 da wufa mai inci 10 ya cika wannan motar har ya yi yawa. Ko ka sayi ta ƙarƙashin kujera mai amfilifaya a jikinta, ka tsira da but ɗinka.

Wutar amfilifaya daga batir kai tsaye take zuwa, ba daga bayan rediyo ba. Waya mai lamba 8 ta isa wannan girman. Ka kankare bakinta ka duba: in cikin fari ne, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe zalla, sai ka hau zuwa lamba 4 wadda ta fi kauri. Fis ɗin babbar wayar a sa shi kusa da batir, kada ya wuce santimita 45. Ba amfilifaya yake karewa ba, mota yake karewa: in wayar ta goge a jikin ƙarfe, shi zai yanke kafin kafet ta kama. Inda wayar za ta ratsa bangon inji a bi ta cikin zoben roba, kada ta kwanta a bakin ƙarfe tsirara.

Wayar ƙasa kaurinta ɗaya da ta wuta, gajeriya, a kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli a ɗaure da noti. Mafi yawan kukan nan "wiii" da ke hawa yana sauka da totur daga nan yake. Sauran kuma daga kwantar da wayar RCA, mai kai sauti daga rediyo zuwa amfilifaya, kusa da wayar wuta. Ɗaya ta bi gefen direba, ɗaya ta bi ɗaya gefen. Maɓallin gain ba na ƙara murya ba ne, na daidaita amfilifaya da rediyo ne. Kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, ka murɗa shi a hankali har sauti ya fara tsagewa, ka dawo baya kaɗan ka bar shi.

Mai Waya na Magazin:

Ƙari kan kyamara. Wutarta daga fitilar ribas ake ɗauka a baya. Doguwar wayar hotonta tana da 'yar siririyar jar waya a kowane baki: ta baya a haɗa da fitilar ribas, ta gaba a haɗa da wayar ribas ta rediyo, a Pioneer shunayya ce mai farin layi. In ba a haɗa ta ba, ka sa giya allo ba zai juya ba. A Vitz wayar za ta bi cikin robar da ke tsakanin jikin mota da ƙofar but, a can take yawan karyewa in an ja ta da tauri, a bar mata sararin motsi. Ramin da aka huda a cike shi da silikon, damina ba ta tambaya.

Sifikun ƙofa na Toyota da ribiti uku aka kafe su, sai an huda da injin huji, kuma sabuwa mai inci 6.5 tana bukatar zoben zama. Sauke gilashi har ƙasa ka tabbata maganaɗisun bai taɓa shi ba. Ledar da ke bayan murfin ƙofa a mayar da ita, ita ke tare ruwa. Wasu Vitz ɗin ba su da sifikar baya ko da wayoyin suna cikin soket, leƙa kafin ka zargi rediyo.

In ka rasa fozitif na sifika, ɗauki batirin tocila ƙarami mai volt 1.5 ka taɓa wayoyinta biyu. In takardar sifikar ta turo waje, wayar da ke bakin fozitif na batirin ita ce fozitif. In ɗaya ta juye, sauti zai fito amma ganga ta ɓace; karkata sautin gefe ɗaya ka ji ta dawo, ka san an juya.

Baba Lantirishan:

Wayar eriya shuɗiya kada a manta da ita. In eriyar tana da ƙaramin amfilifaya a gindinta kuma ba a ba shi wuta ba, cikin gari za ka ji tasha, kana fita hanyar Ejisu sai shuuu. Kuma ka ce wa mai aikin kada ya mayar da murfin dashbod sai an gwada a gabanka: kowace sifika ita kaɗai, ribas, kiran waya, fitila a kunne, AC a kunne, sannan a kashe mota a zare makulli a sake tadawa a ga ko tashoshin suna nan.

Ɗan Aboabo:

Na gode ƙwarai, iyayena. Soket, robobin gefe, fis da waya lamba 8 na rubuta. Wufar ta ƙarƙashin kujera zan nema. Baba, fis ɗin babbar wayar mai amfiya nawa zan ce a ba ni?

Baba Lantirishan:

Duba fis ɗin da ke jikin wufar, ka sa daidai da shi ko sama kaɗan. Irin na ƙarƙashin kujera ba su cika cin wuta ba. A waya lamba 8 ta jan ƙarfe zalla kada ka wuce amfiya 50 ko me mai shago ya ce maka.