Tsohuwar Land Cruiser 80: me zan fara dubawa?

Sani: Jama'a, ina son sayen Land Cruiser 80 mai injin dizal samfurin 1HZ in gyara a hankali. Ta daɗe a ajiye. Daga ina zan fara?

Malam Habu: Shiga ƙarƙashi da guduma ka bubbuga shasi, musamman ta baya inda laka ke maƙalewa. In tsatsa ta huda shi, haƙura da ita.

Garba: Bayan shasin, Malam Sani, kwance kusoshin man aksil, gaba da baya. In man ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, ka sa ran sauya boris. Leƙa bayan ƙafafun gaba ma: in ka ga giris ya tsinke yana zuba, sil ɗin cikin aksil, wato robar da ke tare mai, shi ne ya mutu.

Lawal: Bel ɗin taimin fa, wanda ke daidaita motsin bawul da fistin a cikin inji? Wajen kilomita 100,000 ake sauya shi. In ya tsinke, fistin zai daki bawul. Sauya kafin ka hau titi.