Muhawara: Aman wuta ne ya bar wa Misuri dalma, ko dai maƙwabtaka ce?

Malam Sani: Assalamu alaikum jama'a. Jiya na faɗi wata magana a aji, wani ɗalibi ya ce bai gamsu ba, shi ne na ce bari in kawo ta gabanku. A kudu maso gabashin jihar Misuri ta Amurka akwai tsaunukan St. Francois, tsofaffin duwatsu masu aman wuta, shekarunsu sun kusa biliyan 1.5. A gindinsu ne aka fi haƙar dalma a duk Amurka, kuma tun wajen 1720 Faransawa suka soma tono a wani wuri da ake kira Mine La Motte. Ni dai na ce aman wutan ne ya fito da dalmar. Ruwa ba ya tsami banza.

Auwal: Wa alaikumus salam Malam. Ni tun a farkon maganar ma na maƙale. Na ga hotunan wurin, tuddai ne masu bishiyoyi, babu ko ɗaya mai baki a ka. Mafi tsayinsu, Taum Sauk, mita 540 ne kacal. Wannan ne dutse mai aman wuta?

Dakta Halima: Auwal, ruwa da iska sun yi sama da shekara biliyan ɗaya suna ci, wane baki kake so ya rage? Kututture ka gani. Shaidar tana jikin dutsen. Na saman sunansa rayolait, ja ne mai duhu kamar hanta, da ɗigo-ɗigo masu haske. A wasu gutsattsarin, in ka jiƙa su da ruwa ka duba da kyau, za ka ga siraran zane-zane a kwance kamar an taka su da ƙafa. Dutse ne mai kumfa da ya faɗo cikin toka mai tsananin zafi, nauyin tokar ya baje shi, zafin ya liƙe shi. Fashewa ce kaɗai ke barin irin wannan alama. A ƙarƙashinsa kuma giranit ne, narkakken dutsen da bai samu hanyar fita ba, ya huce a hankali. Nan kam Malam ya yi daidai. A kan dalmar ne muka raba gari.

Malam Sani: To Dakta, kunnena na wurinki.

Injiniya Rabi'u: Kafin Dakta ta ci gaba, Malam in tambaye ka: a cikin wane dutse ake fasa dalmar? Masu haƙa ba rayolait suke fasawa ba. Dolomait ne, ɗan'uwan dutsen farar ƙasa, wanda a ƙarƙashin teku ya kwanta. A cikin ramukansa da tsagoginsa ake samun galina, wato dutsen tozali, wanda daga shi ake fitar da dalma. Ina da guntu ɗaya a kan teburina, bai wuce ƙwan kaza ba, amma duk wanda ya ɗauka sai hannunsa ya yi ƙasa. In ka buga masa guduma sai ya tarwatse ƙwaya-ƙwaya masu kusurwa, kamar sukarin kwali, kowace fuska tana ƙyalli. Farin dutsen da ke manne da shi kuwa bai taɓa ganin wuta ba.

Dakta Halima: Yauwa Injiniya. Ku bi lissafin shekarun. Bayan wutar ta mutu, wurin ya zauna a fili kusan shekara biliyan ɗaya yana zaizayewa. Sai kimanin shekara miliyan 500 da suka wuce teku ya shigo, tuddan suka koma tsibirai. Yashi ya fara kwanciya a gindinsu, shi ne dutsen yashin da ake kira Lamotte, a kansa kuma dolomait ɗin Bonneterre ya hau. Tunda galinar tana cikin ramukan Bonneterre, dole ta zo bayansa. Malam, wanda ya rasu tun kafin a aza tubalin ɗaki, ta yaya zai zuba kaya a cikin ɗakin?

Malam Sani: Na ji wannan. Amma me ya sa mahaƙan suka yi wa tsaunukan zobe? Tsofaffin suna wajen garin Bonne Terre, sababbin na garin Viburnum da aka gano a 1955 suna ta yamma. Duk faɗin Amurka dalma ta rasa wurin zama sai nan? Kar ku ce mini katari ne.

Dakta Halima: Ba katari ba ne, kuma tambayar ta yi. Kusan shekara miliyan 300 da suka wuce, can kudu wajen Arkansas, tsaunukan Ouachita suka taso. Tasowarsu ta tunkuɗo ruwan da ke can ƙarƙashin ƙasa zuwa arewa, ruwa mai ɗumi wanda ya ninka na teku gishiri, irin wanda ke iya narkar da dalma da tutiya ya tafi da su. Ba ƙiyasi ba ne, ragowarsa na nan. In ka sa siririn yanki na ma'adinin a madubin ƙara girma, za ka ga ɗigon ruwa a kulle ciki da 'yar kumfa tana motsi. Ana ɗumama shi har kumfar ta ɓace, a nan ake gane zafin da ruwan ya zo da shi, wajen digiri 100 ne. Narkakken dutse kuwa ya haura 700.

Wannan ruwa ta cikin yashin Lamotte ya yi tafiyarsa, domin yashi yana da ƙofofi. Da ya iso jikin tudun da ke binne sai yashin ya sirance ya ƙare, gaba kuma dutse ne da ba ya shan ruwa. Ina zai bi? Sai sama, cikin dolomait. A can ya gamu da sinadarin farar wuta, dalmar ta sauka ta zama galina.

Baba Ɗanlami: To ai ni a nan na ga Malam Sani bai faɗi ƙasa ba. In da babu tudun, da ruwan ya wuce abinsa. Wanda ya tare hanya har kaya suka zube a ƙofarsa, a ce ba shi da hannu?

Injiniya Rabi'u: Baba, Allah ya ƙara girma, tare hanya daban, haihuwa daban. A wajen Joplin, kusurwar kudu maso yammacin jihar, an haƙi dalma da tutiya masu yawa daga irin wannan ruwa, babu tsaunin aman wuta ko ɗaya a tsaye a wurin.

Malam Sani: Injiniya, tsaya. Shi ruwan a ina ya samo dalmar? Dakta ce da bakinta ta ce yashin a gindin tuddan ya kwanta. Daga jikin wa ya zaizayo?

Dakta Halima: Nan ka kama ni, Malam. Binciken nau'o'in ƙwayar dalmar ya sa masana da dama na ganin wani kaso ruwan ya tsotso shi ne daga yashin da tsofaffin duwatsun da ke ƙasa. Har in ƙara maka makami: a gefen kogin St. Francis akwai wata 'yar mahaƙa da aka buɗe a shekarun 1870, inda galina mai azurfa take cikin jijiyoyin giranit kai tsaye. Amma ba ta kai cikin cokali ba in aka gwada da ta Viburnum. Ɗan ɓurɓushin dalma kuwa kusan kowane giranit na duniya yana da shi. Abin da ke mai da wuri mahaƙa shi ne wanda ya tattara ɓurɓushin wuri guda.

Auwal: Ke nan duk wannan wuta babu abin da ta bari sai kututture?

Injiniya Rabi'u: Ta bar ƙarfe mana. Tamar Pilot Knob da Iron Mountain a cikin dutsen aman wutan kansa take, sa'arsa ce. Saboda ita aka ja layin dogo daga St. Louis har Pilot Knob a 1858. A Pea Ridge ma an haƙi baƙar tama mai kama maganaɗisu a ƙarƙashin ƙasa daga 1964 zuwa 2001. Da Malam ƙarfe ya ce, da babu mai ɗaga masa yatsa.

Malam Sani: Ƙarfen na karɓa. Dalmar kuwa ban sake ta duka ba, tunda Dakta ta amsa cewa akwai ta tsaunin a ciki, ko da ruwa ne ɗan dako.

Baba Ɗanlami: Ni ma ina nan kan bakana.

Malam Sani: Injiniya, ka ara mini guntun nan naka ranar Litinin. Ina so yaron da ya musa mini ya ɗauka da hannunsa ya ga farin dutsen da ke jikinsa.

Injiniya Rabi'u: Zan aiko maka da shi a leda. Kar ka bari su fasa shi a aji, kuma duk wanda ya taɓa ya wanke hannu kafin ya ci wani abu.