Za mu kai yara kallon gamsheƙa a gidan zu, me ya kamata mu sani?

Malamar Aji Biyar:
Assalamu alaikum. Za mu kai ɗalibai gidan zu, kuma tun yanzu ba su da zance sai na gamsheƙa. Shin macizan da ake ajiyewa a can an cire musu haƙoran dafi? Me ya sa kullum suke kwance kamar matattu? Akwai yadda za a yi yara su ga gamsheƙa ta fasa kai? Mai tofin nan kuma, tana iya samun mutum daga cikin keji?

Mai Kula da Dabbobi:
Wa alaikumus salam, Malama. Gidan zun da ya san aikinsa ba ya cire haƙori. Ko an cire ma ba a yi komai ba, domin akwai wasu a bayansa suna jiran fitowa, jakar dafin kuma tana nan a bayan ido. Abin da cirewar ke jawowa kawai shi ne ruɓewar baki, maciji ya daina cin abinci ya mutu. Duk wanda kuka gani, ku ɗauka da dafinsa cikakke.

Kwanciyar kuwa ba ciwo ba ce. Jikin maciji ba ya samar da ɗumi da kansa, shi ya sa ake yi wa keji gefe biyu: mai ɗumi wajen digiri 30 zuwa 32, da mai sanyi wajen 24 zuwa 25. Ku je da hantsi, lokacin ne aka fi samunsu a fili suna shan ɗumi. Da rana ta take sai su shige maɓoya. Gamsheƙa ana ba ta ɓera duk mako ɗaya zuwa biyu, in ta haɗiye kuma sai ta yi kwanaki ba ta motsa ba. Kasa ta fi haka, ita farautarta kwanton ɓauna ce, tana iya daɗewa ƙwarai a wuri guda. Maciji ba shi da fatar ido, saboda haka ko barci yake idonsa a buɗe. Ki sa yara su zuba wa haƙarƙarinsa ido, za su ga numfashi a hankali. In sun ga idon ya yi fari-fari kamar an shafa madara, saɓa zai yi.

Fasa kai dai don Allah a bar neman sa. Gamsheƙa ba ta yin sa sai ta tsorata. Masu buga gilashi su ke sa ta kai sara, ta daki gilashin da hanci, wurin ya yi gyambo, ta ƙi abinci. Yaro ɗaya ya buga, sauran talatin za su bi.

Baban Sadiya:
Malama, kan tofi: mai baƙin wuyan nan ta ƙasarmu tana feso dafi mita biyu zuwa uku, kuma ido take nema. Gilashi yana tarewa, raga ba ta tarewa. In gaban kejin ragar waya ce, kada kowa ya matsa ƙasa da mita uku, balle yara da fuskarsu ke daidai da bakin keji. Ki fara shiga ke kaɗai ki duba: akwai kwaɗo a ƙofar? Gilashin ya tsage? Akwai tazara a ƙasan ƙofa ko wajen ramin iska? Inda kan maciji ya shiga, sauran jikin zai bi. Akwai ma'aikaci a ɗakin? In biyu daga cikin waɗannan ba su yi ba, a wuce wajen jimina.

In tsautsayi ya sa dafin ya shiga ido, a buɗe idon a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15 zuwa 20, ba murzawa, ba ɗiga wani magani na gida, sannan asibiti ko da zafin ya lafa, domin yana cin fatar ƙwayar ido. A fatar da ba rauni kuwa wankewa ta isa.

Nas Mai Ritaya:
Duk gaskiya ne, amma ni inda zan so ki fi tsayar da su shi ne gaban kububuwa, in akwai ta. Ba ta da kwarjini, yawanci ba ta wuce santimita 30 zuwa 60, kalarta kalar ƙasa da ɗige-ɗige farare. Amma ita ce ta fi kashe manoma da makiyaya a Arewa. Su ga yadda take naɗewa tana goga ɓawonta yana ƙara, su riƙe kamanninta. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, shi ya sa a asibiti ake zuba jinin wanda aka sara a busasshiyar kwalba mai tsabta a jira minti 20. In bai daskare ba, sai allurar kashe dafi. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya shahara da wannan aiki. Allurar kashe dafi ta EchiTAb-Plus, wadda ake haɗawa a Kosta Rika, da dafin kububuwa da kasa da gamsheƙa mai tofi na Najeriya aka yi ta. Ki gaya musu: ba ɗaure ƙafa tamau, ba tsaga, ba tsotsa. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti.

Malamar Aji Biyar:
Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: in mun haɗu da gardi yana rataya wa mutane maciji a wuya don hoto fa?

Mai Kula da Dabbobi:
Kada ko ɗaya ya taɓa, Malama, ko an ce mesa ce, ko an ce an ba da maganin. Babu mai iya tabbatar miki yaushe aka cire haƙori, ko sabo ya riga ya fito. Ki raba yaran kashi-kashi, takwas zuwa goma da babba ɗaya, hannu a baya, a kashe filashin waya kafin a shiga.